KALMAR "FRONTIER": ASALINTA, MA'ANONINTA DA MATSALAR FASSARA TA

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na ɗalibai)



Gabatarwa

Muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu damar tsayawa gaban manya mu yi magana, alhali kuwa mu ɗalibai ne masu neman sani. Abin da muka zo da shi yau kalma ɗaya ce tak ta Ingilishi, watau "frontier", wadda bakinmu ke furtawa "firantiya". Mai yiwuwa wani ya ce, ina dalilin tara mutane a kan kalma guda, ga ƙamus jibge a laburare? Dalilin shi ne abin da ya same mu a ajin fassara. An ba mu wani guntun labarin tattalin arziki na shekarun baya, inda aka lasafta Nijeriya cikin "frontier markets". Muka buɗe ƙamus, muka ga "iyaka", nan take muka rubuta "kasuwannin kan iyaka". Da Malam ya karanta sai ya ɗaga kai ya ce, "To, wace kasuwa ke nan, ta Jibiya, ko ta Illela, ko kuwa ta Maigatari?" Aji ya fashe da dariya, mu kuwa kunya ta rufe mu.

Wannan kunya ce ta sa muka shiga bin diddigin kalmar. Da yawa daga cikinmu gobe su ne malaman makaranta, su ne masu fassara labarai a gidajen rediyo, su ne tafintoci a kotu. Idan muka fassara kalma bisa kuskure, dubban mutanen da ba su da hanyar bincikawa za su ɗauki kuskuren a matsayin gaskiya. Saboda haka za mu duba asalin kalmar, sa'an nan ma'anarta a Turai da Amurka, da yadda ta shigo ƙasarmu, daga ƙarshe mu ba da shawara a kan fassara ta.

Asalin kalmar

Tushen kalmar yana cikin harshen Latin na Rumawa, inda "frons" ke nufin goshi. Daga nan Faransanci ya sami "front", ya kuma gina "frontière" a kansa, Ingilishi kuma ya ara daga Faransanci wajen shekara ta 1400. A wancan zamani maganar yaƙi ce: gaban runduna, ko kuwa sashen ƙasa wanda ke fuskantar abokan gaba. Watau ƙasa tamkar mutum ce, inda ta juya goshinta ga maƙiyi shi ne "frontier". Yanki ne mai faɗi, da garuruwa masu ganuwa da dakaru a cikinsa, babu wanda ya auna shi da igiya.

Shaidar wannan tana nan a kudancin ƙasar Sifen har yau. Akwai garuruwa irin su Jerez da Arcos waɗanda ake liƙa wa sunayensu "de la Frontera". Mai duba taswira zai ga ba a kan iyakar wata ƙasa suke ba. Sun sami laƙabin ne tun zamanin da suke a yankin da ya raba daular Kiristoci ta Kastila da daular Musulmi ta Garnaɗa a Andalus. Garnaɗa ta faɗi a 1492, sunan kuwa ya zauna.

Larabawa ma da jikin mutum suka kwatanta wannan abu. Suna ce da irin wannan yanki "thaghr", jam'insa "thughur", kalmar da ke nufin haƙoran gaba ko kafar baki, watau kafar da abokin gaba zai iya shigowa ta ciki. Da wannan suna aka san jerin garuruwan tsaro irin su Tarsus da Malatiya, waɗanda suka tsaya tsakanin daular Abbasiyya da Rumawan gabas. Mu ma Hausawa haka muke yi. Muna cewa bakin daga, bakin daji, kan iyaka, har ma goshin magariba da goshin azumi. Ashe ke nan tunanin da ke cikin kalmar ba baƙo ba ne a wurinmu.

Ma'anarta a Turai

Da dauloli suka yi ƙarfi a Turai, aka iya auna ƙasa da zana taswira, aka kuma ɗora haraji a kan kayan da ke shigowa, sai wancan yanki mai faɗi ya yi ta tsukewa har ya koma layi. Wannan canji bai faru dare ɗaya ba. Alal misali, Faransa da Sifen sun yarda tun yarjejeniyar 1659 cewa duwatsun Firanis ne suka raba su, amma ba a bi an kafa duwatsun shaida ba sai bayan yarjejeniyoyin Bayonne na tsakanin 1856 da 1868, watau bayan shekara ɗari biyu.

A Faransanci na yau "frontière" ita ce iyakar ƙasa da ƙasa, inda ake duba fasfo. Shi ya sa ɗan'uwanmu na Maraɗi ko Damagaram da ya yi karatun Faransanci, in ya faɗi kalmar, abin da mutumin Katsina ke kira boda yake nufi. Haka ita ma ƙungiyar likitocin nan ta Médecins Sans Frontières, wadda aka kafa a Faransa a 1971. Wasu gidajen rediyo suna kiranta "likitoci na gari na kowa", kuma a ganinmu wannan fassara ce ta gwanaye, gama sun bar kalmar sun kama manufa. A Ingilishin Ingila ma ana amfani da "frontier" da ma'anar iyakar ƙasa, ko da yake "border" ta fi yawa a bakin mutane. A wannan waje kaɗai ne fassarar ƙamus ta yi daidai.

Ma'anarta a Amurka

A Amurka kalmar ta ɗauki wata hanya dabam. Turawan da suka sauka a gaɓar gabas sun yi ta matsawa yamma, shekara bayan shekara, suna sassabe suna kafa gonaki da garuruwa. Bakin inda zamansu ya kai shi suke kira "frontier". Wannan iyaka ce mai tafiya, kuma a ɗaya gefen nata babu wata daular da suka yarda da ita. Gwamnati ma ta ingiza abin. Dokar 1862 ta ba duk wanda ya zauna a fili ya noma shi shekara 5 eka 160, kuma a 1869 aka haɗa layin dogo daga gabas zuwa gaɓar yamma. Hukumar ƙidaya takan zana wannan layi a taswira, a inda yawan jama'a ya kasa mutum 2 a murabba'in mil ɗaya. Bayan ƙidayar 1890 sai ta ce ba a iya zana layin kuma, domin zama ya watsu ko'ina.

A kan wannan ne wani matashin malamin tarihi, Frederick Jackson Turner, ya gabatar da maƙala a taron masana tarihin Amurka a birnin Shikago cikin watan Yuli na 1893. Ra'ayinsa a taƙaice shi ne, samuwar ƙasa kyauta a yamma, da fama da daji, su suka ƙera halin Ba'amurke, suka koya masa dogaro da kai da ƙin sarauta da son mulkin jama'a. Ya kwatanta wannan baki da wurin da wayewa ke karo da rashin wayewa. Maƙalar ta yi tasiri ƙwarai, aka yi shekaru da dama ana koyar da tarihin Amurka a kanta.

A nan ya kamata mu tsaya mu yi tambaya: ƙasar nan da aka ce kyauta ce, ta wane ne? Ƙasar tana da masu ita, watau al'ummun da Turawa suka laƙaba wa Jajayen Indiyawa. Ƙidayoyin da aka yi kafin 1890 ba sa haɗawa da waɗanda ke zaune ƙarƙashin shugabanninsu ba sa biyan haraji, saboda haka taswira ta nuna fili wayam a inda akwai mutane. Dokar 1830 ta ba da ikon kwashe al'ummun gabas zuwa ƙetaren kogin Misisifi. A ƙaurar dole ta 1838 zuwa 1839 an ƙiyasta kimanin mutum 4,000 na ƙabilar Cherokee sun mutu. An karkashe ɓaunan daji, abincin mutanen filayen tsakiya, daga miliyoyi har suka koma 'yan ɗaruruwa a daji. A ranar 29 ga Disamba, 1890, watau shekarar da aka yi waccan ƙidaya, sojan Amurka suka kashe tsakanin mutum 150 da 300 na ƙabilar Lakota a Wounded Knee, da yawansu mata da yara. Masana tarihi na baya, irin su Patricia Limerick a littafinta na 1987, sun nuna cewa sunan da ya dace da abin da ya faru shi ne cin ƙasa da yaƙi.

Iyayenmu sukan ba mu labarin yadda a gidajen silima na Kano da Kaduna ake tafa wa kaboyi in ya harbo ɗan asalin ƙasa daga kan doki. 'Yan kallon nan jikokin waɗanda aka ci da yaƙi ne a 1903, amma fim ya zaunar da su a bayan mai bindiga. Irin aikin da kalma ke yi ke nan in an karɓe ta ba bincike.

Ma'anarta ta aro

Daga ma'anar Amurka ce aka aro kalmar zuwa wasu fannoni. A 1945 Vannevar Bush ya miƙa wa Shugaban Amurka rahoto inda ya kira kimiyya "frontier" marar ƙarewa, yana neman gwamnati ta zuba kuɗi a bincike. A 1960 John Kennedy ya sa wa manufofinsa suna "New Frontier" lokacin da ya karɓi takarar shugabanci, kuma a 1969 Amurkawa suka sauka a duniyar wata. Tun daga nan sararin samaniya da ƙarƙashin teku da kwamfuta da intanet, kowanne an kira shi da wannan suna. A duk waɗannan ma'anar ita ce bakin abin da aka sani, inda ake sa ran a wuce gaba.

Sai kuma wadda ta kayar da mu a aji. A 1992 wata jami'ar reshen Bankin Duniya mai hulɗa da 'yan kasuwa, Farida Khambata, ta ƙirƙiro "frontier markets" domin ƙananan kasuwannin hannun jari na ƙasashe matalauta, waɗanda ba su kai matsayin manyan masu tasowa irin su Indiya da Barazil ba. Ciniki a cikinsu kaɗan ne, haɗarin hasara da yawa, amma mai ƙarfin hali yana iya cin riba mai tsoka. Shin daga ina ake hangen Legas ko Nairobi har su zama bakin daji? Daga Landan ne da Niyok. Mai kuɗin shi ne ke tsaye a cikin gari, mu ne a wajen ganuwa.

Haka kuma dokar masana'antar man fetur ta Nijeriya ta 2021 ta yi amfani da kalmar ga yankunan da ba a tabbatar da yawan man da ke cikinsu ba, irin su kwarin Tafkin Chadi da na Sakkwato da Bida da Binuwai, ta kuma ware kashi 30 cikin 100 na wani sashen ribar kamfanin mai na ƙasa domin bincike a wurin. A watan Nuwamba na 2022 aka ƙaddamar da aikin haƙa a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. Duk wanda ya fassara wannan da "man kan iyaka" ya ɓatar da mai sauraro, domin Bida ba ta kusa da iyakar kowace ƙasa. Kuma ya kamata mu tuna cewa a waɗannan wurare akwai gonaki da burtali da maƙabartu, kada sunan ya sa a ɗauka fili ne marar mai shi.

Yadda ta shigo ƙasarmu

Kalmar ba ta ƙofar makaranta ta fara shigo mana ba. A 1897 Ofishin Mulkin Mallaka na Ingila ya ɗora wa Lugga aikin kafa runduna mai suna West African Frontier Force, saboda gasar da suke yi da Faransa a kan Borgu da ƙasashen kogin Kwara. Hafsoshinta Turawa ne, sojojinta baƙaƙe, da yawansu Hausawa. Ita ce ta ci Bida da Kwantagora da Yola a 1901, ta ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato a watan Maris, ta kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ita ce kuma ta shafe Satiru a 1906. A lissafin Ingila, Kano mai ganuwa da marina da malamai da fatake masu zuwa Tarabulus, bakin daular Ingila ce kurum. Irin wannan suna suka ba lardin arewa maso yammacin Indiya a 1901, wanda Pakistan ta sake wa suna Khyber Pakhtunkhwa a 2010, da kuma yankin Somaliyawa na arewacin Kenya.

Kafin zuwan Turawa muna da namu tsarin, kuma ya fi kama da tsohuwar ma'anar kalmar. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya kafa ribaɗi a wuraren da ke fuskantar Gobirawa da Kabawa, watau garuruwa masu ganuwa inda ake zaunar da mayaƙa da malamai da manoma. Shi kansa ya zauna a ribaɗin Wurno, a can ya rasu, a can kabarinsa yake. Tsakanin daula da daula kuwa sau da yawa daji ne. Baturen nan matafiyi Barth ya ratsa dajin Gundumi a 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato, ayarinsu suka yi tafiyar dare da rana ba hutawa don tsoron harin Gobirawa. Ikon sarki yana ƙarfi a birni, yana raguwa in an yi nisa, har ya ɓace a daji kafin na wani sarki ya soma.

Iyaka ta layi kuwa a kan tebur aka zana mana ita. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi. A 1898 suka gyara, suka zana rabin da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato. Faransawa suka koka cewa ba su da hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram, aka sake gyarawa a 1904 da 1906. Tsakanin 1906 da 1908 wakilan ƙasashen biyu, O'Shee da Tilho, suka bi suka kafa ginshiƙai 148. Da haka Maraɗi da Tsibiri da Birnin Ƙonni suka faɗa hannun Faransa, Katsina da Daura da Sakkwato suka faɗa hannun Ingila. A taron Alƙahira na 1964 shugabannin Afirka suka yarda a bar iyakokin nan yadda aka gaje su, don gudun yaƙi. Nauyin wannan layi mai tsawon kimanin kilomita 1,500 mun gan shi da idonmu lokacin da aka rufe shi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, har Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Kaya suka yi tsada, fasa-ƙwauri ya ƙaru, zuwa biki ko jana'izar ɗan'uwa ya zama sai an bi ta daji.

Shawara a kan fassara

Matsalar "iyaka" ita ce kalma ce ta tsayawa. Muna cewa iyakar ƙoƙarina, ko wane ya wuce iyaka, ko jama'a ba iyaka. Manomi yakan shuka gamba a iyakar gonarsa domin kada maƙwabci ya shigo. Ita kuwa "frontier" a mafi yawan ma'anoninta na yau kira take yi a wuce. Mai fassara ta da "iyaka" a ko'ina yakan juya maganar baibai. Saboda haka muna ba da shawara kamar haka.

Na farko, in ana maganar layin da ya raba ƙasa da ƙasa, a ce iyaka ko kan iyaka, ko boda a maganar yau da kullum.

Na biyu, in ana maganar yankin da dauloli biyu ke fuskantar juna, kamar na Andalus ko na Abbasiyya, a ce bakin daga, garuruwan tsaronsa kuma ribaɗi, tun da muna da kalmar a tarihinmu.

Na uku, ga ma'anar Amurka da ta rundunar Lugga, muna ganin a ce bakin mamaya. Wannan ya nuna cewa abin yana tafiya, ya kuma nuna akwai waɗanda aka mamaye.

Na huɗu, ga kimiyya, a ce goshin ilmi, ko bakin abin da aka sani. Goshi ya komar da kalmar ga asalinta, kuma Bahaushe ya san cewa bayan goshin magariba akwai magariba tana tafe.

Na biyar, ga kasuwanci da man fetur, a yi bayani kawai: ƙananan kasuwannin hannun jari masu haɗari, da sababbin wuraren neman mai.

Kammalawa

Mai girma Shugaba, mun san cewa ƙirƙirar kalma aikin masana ne, kuma jama'a ce ke yanke hukunci, in ta ga dama ta karɓa, in ta ga dama ta watsar. Roƙonmu ga 'yan'uwa ɗalibai shi ne, duk inda muka ci karo da wannan kalma, kafin mu buɗe ƙamus mu tambayi kanmu abu biyu: wane ne mai maganar, kuma wane ne ke zaune a wancan gefen da yake nunawa? Amsar ita za ta zaɓa mana fassarar da ta dace. Muna kuma roƙon malamanmu na sashen tarihi da na harsuna su zauna tare da mu a tattara kalmomin Hausa na wannan fanni, irin su sansani da tunga da zango da ribaɗi, tun dattawan da suka san bambancinsu suna raye, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Iyakar abin da bincikenmu ya kai ke nan. Inda muka yi daidai daga Allah ne, inda muka yi kuskure kuwa muna sauraron gyara daga malamai da 'yan'uwa.